Wai motocin nan masu kyamara da sensa ba sa kashe mana iya tuƙi kuwa?

Abban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ne ya faru jiya da yamma a ƙofar gidana har yanzu yana min yawo a kai, shi yasa nace bari in kawo shi nan. Ɗan yayata da ke zaune a wurina shekara biyu kenan yana tuƙi, yana da lasisinsa, kuma a motar gidan nan ya koya, tokumbo ce ta Amurka ƙirar 2018 mai kyamarar baya da wannan sensar da take ƙara in ka kusa taɓa abu. To jiya bayan ruwan nan laka ta toshe kyamarar, allon ya yi jawur ba a ganin komai, nace ya fito min da motar daga gareji da ribas. Wallahi yaron nan ya fi minti biyar yana gaba yana baya, ko sau ɗaya ban ga ya ɗaga ido ya kalli madubin gefe ba, idonsa na kan allon da baya nuna komai, ƙarshe sai da ya sauko ya goge kyamarar da hannun rigarsa sannan ya iya fita. Ban yi masa faɗa ba, jikina ne ya yi sanyi, don yaron nan shi yake kai min yara makaranta kullum. Tambayata ga direbobi da masanan gidan nan, waɗannan na'urorin taimakon direba taimakon suke yi da gaske ko kuwa a hankali suke zare mana abin da muka iya? Dan Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Baba_504:
Wa alaikumus salam. Alhaji abin da ka gani shi ne gaskiyar zance. Ni a Peugeot 504 haɗin Kaduna na koyi mota, ba fawa sitiyari ba komai, madubi uku da wuyanka su ne kyamararka. Ubangidana sai da na yi wata shida ina wanki da duba mai da ruwa kafin ya bari na zauna a kujerar direba, ranar farko kuma ribas ya fara koya min ba gaba ba, ya jera gwangwanaye huɗu yace in na taka ɗaya in koma wanki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan kimar ce yaran yanzu basu da ita, basu san inda bayan motarsu ya ƙare ba sai na'ura ta yi musu ƙara.

Ummu_Sadiq:
Baba da girmanka amma ni dai bazan bari a kushe kyamarar baya ba. Bara da azumi zan fita da jif ɗin maigidan, na duba madubin dama na duba na hagu na duba na tsakiya, fes babu kowa, ina saka ribas allo ya kawo sai ga 'yar maƙwabciyata da bata fi shekara ɗaya da rabi ba tsugune dab da tayar baya tana wasa da ƙasa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Babu madubin da zai nuna maka abin da ke ƙasan but ɗin jif, ko shekara arba'in ka yi kana tuƙi. Da 504 ce mai kyau ko mara kyau ranar nan da wani labarin ake.

Bahaushen_Texas:
Hajiya abin da kika faɗa shi ne ainihin dalilin da yasa aka wajabta kyamarar a nan Amurka. Wani likitan yara ne a 2002 ya taka ɗansa ɗan shekara 2 da ribas a ƙofar gidansa, ya duba madubi bai gan shi ba. Shi da wasu iyayen suka yi ta fafutuka har aka sa hannu a doka a 2008, amma sai Mayun 2018 ta fara aiki kan duk sabuwar mota. Shi yasa @Abban_Ilham motarka ta zo da ita. Ba don ragwayen direbobi aka yi ta ba, don yaran da madubi baya gani aka yi ta.

Sadiq_Gwale:
Ai ba wanda yace bata da amfani, maganar ita ce in ta mutu ya za ka yi. Tambayar Alhaji kenan.

Injiniya_MK:
Ni ina ganin mun haɗa abubuwa daban daban a kwando ɗaya ne shi yasa za mu yi ta jayayya. Akwai na'urar da take yin abin da ɗan Adam bazai taɓa iyawa ba komai ƙwarewarsa, kamar na'urar birki ta ABS, irin wadda Mercedes ta fitar a 1978 tare da kamfanin Bosch, tana kama taya tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya don kada tayar ta ƙulle ka rasa sitiyari. Haka ESC, wadda wasu motocin ke rubuta VSC ko ESP, in mota ta fara zamewa a kwana sai ta taka wa taya ɗaya tak birki ta dawo da ita layi, kai kuma feda ɗaya gare ka ta birki, ba yadda za ka yi ka zaɓi taya. Wannan bata ƙwace maka komai ba tunda da ma baka da shi. Inda matsalar take shi ne waɗanda suke yin aikin da kai ya kamata ka yi, wato kallo da lura. Kyamara, fitilar madubi da take kawowa in akwai mota a gefenka, kurus mai bin motar gaba da kansa, da wadda take riƙe maka sitiyari a tsakiyar layi. Su hannunka basa taɓawa sosai, idonka da hankalinka suke sa wa barci. Yaron Alhaji ya iya juya sitiyari ai, abin da bai iya ba shi ne inda zai kalla.

Baba_504:
Injiniya ABS ɗin ma ban yarda da ita ba. Mu an koya mana in titi da santsi ka riƙa danna birki kana saki kana dannawa. Ranar da na fara shiga mai ABS na taka sai naji feda tana rawa a ƙasan ƙafata tana gurnani, na ɗauka wani abu ya karye na ɗaga ƙafa.

Injiniya_MK:
Ranka ya daɗe Baba to ai wannan rawar ita ce aikin nata, dannawa da sakin da kuke yi da ƙafa shi take yi amma da saurin da ƙafa bazata kai ba. A mai ABS takawa ake yi da ƙarfi a riƙe kar a ɗaga, sannan a kauce da sitiyari. Kaga kenan abin ta ɓangare biyu yake ci, yaro bai iya tsohuwar mota ba, babba kuma ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa yadda sabuwar take. Mutum nawa ne a gidan nan suka taɓa buɗe littafin da ke zuwa da mota? Tokumbo ma yawanci babu shi a ciki.

Dan_Maradi:
Sallama gare ku. Ni nan Maradi nike, ina tahiya ƙauyukan da ke bayan Dakoro, hanya duk rairayi. Wanga zance na Injiniya gaskiya ne bisa kwalta amma cikin rairayi wani abu ne daban. Na'urar da ke hana taya juyawa a banza in ta ji taya na tono sai ta rage ma inji ƙarhi, kai kuma lokacin ne kake son ƙarhin, sai mota ta zauna. Sai ka kashe ta da maɓallinta, ka rage iskar taya, ka riƙe giya guda kada ka canza tsakiyar yashi. Wata rana munka iske wani saurayi da mota sabuwa dal ta nutse, yana ta taka totur, bai ma san akwai maɓallin ba kuma permi, wato lasisin tuƙi, gare shi. ABS ita ma cikin yashi da tsakuwa tana ƙara ma mota nisan tsayawa, wanda bai sani ba sai ya ba da tazara irin ta kwalta.

Rewaya_KofarRuwa:
Ku bari in faɗa muku abin da nake gani a bakin aiki kullum don ni nake buɗe motocin nan. Da yawan tokumbon Amurka da ake kawowa motocin gwanjo ne da suka yi hatsari a can, a kawo su a buga gaba a yi fenti su fito kamar sabbi. To radar da ke gano motar gabanka a motoci da yawa tana bayan tambarin nan na gaba ne ko cikin bamba, kyamarar layi kuma tana manne a saman gilashin gaba bayan madubi. In an buga gaba ko an canza gilashi dole a sake saita su da kwamfuta da allon gwaji a fili mai daidai, in ba haka ba radar tana kallon gefe ne kai kana zaton tana kallon gaba. Wa yake yin wannan saitin a nan? 'Yan kaɗan ne. Wani ma sai ya zo yace min Oga fitilar nan ta dashbod ta dame ni ka kashe min ita, ba gyara yake so ba, kashewa, don zai sayar da motar. Ni bana yi, amma in na ƙi gaba zai yi a yi masa. Sai wani bawan Allah ya saya yana tuƙi da zuciya ɗaya wai motarsa tana taka birki da kanta alhali abin ya mutu tun a Kwatano. Wannan ya fi bani tsoro a kan maganar ribas, mutum ya jingina da bangon da babu shi.

Zee_Lugbe:
Innalillahi. Malam Rewaya ni watan jiya na canza gilashin gaba dutse ya fasa min, ba wanda ya ce min komai game da saiti. Ya zan gane ko tawa tana daidai?

Rewaya_KofarRuwa:
Hajiya in motarki tana da kyamara a bayan madubin tsakiya to ki kai a sa mata kwamfuta wurin wanda yake da kayan saitin, ba kowane mai sikana ba. Kafin nan ki ɗauka kamar babu ita, ki ba da tazara da kanki, in kina jin sitiyari yana ɗan fizgarki gefe a kan layi ki kashe mai riƙe layin daga maɓallinsa.

Mai_Son_Jirgi:
Maganar da kuke yi masu jirgin sama sun riga mu shiga cikinta da daɗewa. Ranar 31 ga Mayu 2009 jirgin Air France mai lamba 447, Airbus A330, ya taso daga Rio de Janeiro a Brazil zai tafi Paris da mutum 228. A tsakiyar tekun Atlantika da dare ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudun jirgin, sai na'urar tuƙi da kai ta cire hannunta ta miƙa wa matuƙa. Jirgin lafiyarsa ƙalau, injinansa na aiki, abin da ake buƙata kawai a riƙe shi a miƙe har bututun ya buɗe. Amma matuƙin da ke riƙe da shi ya ɗaga hancin jirgin sama har ya rasa iskar da ke ɗauke da shi, cikin 'yan mintuna ya faɗa teku ba wanda ya tsira. Waɗannan fa mutane ne masu horo da jarrabawa a kai a kai, amma tuƙi da hannu a can sama ba abin da suka saba yi ba ne. A 2013 hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da sanarwa tana shawartar kamfanoni su riƙa barin matuƙa suna tuƙi da hannu in yanayi ya ba da dama don kada hannun ya mutu. To in matuƙin jirgi yana buƙatar haka ina ga ni da kai da ba wanda ya sake gwada mu tun ranar da muka karɓi lasisi.

Abu_Hanan:
Misalin ya yi nisa malam. Jirgi sa'a goma yana tafiya da kansa, mota kuma a Kano ko minti ɗaya bazaka saki sitiyari ba, ga adaidaita sahu ga mai baro ga ɗan acaɓa ta hannun da ba nasa ba. Wace na'ura ce zata sa ka barci a Kofar Wambai? Titinmu da kansa yake hana mu mantawa da tuƙi. Mai riƙe layi ma sai da farin fenti a titi take aiki, a ina zata gan shi.

Bahaushen_Texas:
@Abu_Hanan a cikin gari haka ne amma hau babbar hanya mai kyau ka sa kurus ka gani. Ni nan ina yin Houston zuwa Dallas, kusan sa'a huɗu miƙe, motar tana riƙe layi tana bin ta gaba, wlh bayan minti talatin sai ka ji hankalinka ya tafi gida Najeriya. Ba barci ba, ido a buɗe amma ba kowa a ciki. Kuma an ga ƙarshen hakan. A Mayun 2016 a Florida wata motar Tesla da ke kan Autopilot, na'urarta mai riƙe sitiyari da gudu, ta shige ƙarƙashin tirela da ta gitta titi, na'urar bata taka birki ba shi ma direban bai taka ba, ya rasu. A Maris 2018 a Tempe ta jihar Arizona motar gwaji ta Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da kekenta da dare, wadda aka zaunar a kujerar direba don ta sa ido wayarta take kallo. A Disambar 2023 sai da Tesla ta yi wa motoci sama da miliyan 2 gyaran manhaja a Amurka don ƙara matsa wa direba ya kula. Ɗan Adam in aka ce masa zauna ka yi gadi kar ka yi komai, baya iyawa na dogon lokaci, halittarmu ce haka.

Direban_DAF:
Ni tirela nake ja Legas zuwa Kano shekara 19, bari in ƙara a kan na ɗan'uwa na Texas. Abin da ya fi kashe mutane a hanyarmu da dare shi ne babbar mota da ta lalace a kan titi ba fitila ba alama sai ganye da yaron mota ya karya ya jera a baya. Direban da ya san hanya yana hango ganye a kwalta ƙafarsa ta bar totur tun kafin ya ga motar. Wace kwamfuta ce aka koya wa ma'anar ganye? Haka in na gaba ya kunna sigina ta hagu bai kuma juya ba, mu mun san cewa yake kar ka wuce akwai mota tafe. Haka shanu in ka ga ɗaya ta hau titi ka san saura na biye. Ƙananan motocin nan masu tsada ina ganinsu daga sama, suna wuce ni mutum na danna waya da hannu biyu. Gabana faɗuwa yake don na san abin da ke gaba a kwanar da zai shiga shi bai sani ba.

Injiniya_MK:
Oga direba ka taɓo wuri mai muhimmanci. Kurus mai bin mota an gina shi ne ya bi abin da ke tafiya, abin da ke tsaye cak kuma kana gudu sosai yana iya ƙin ganinsa ko ya gan shi a makare, kamfanonin da kansu sun rubuta wannan gargaɗin a littafin mota. Ga hazo lokacin hunturu, ga ƙura da ke rufe kyamara. Don haka lalatacciyar tirela da dare aikin idonka ne ɗari bisa ɗari.

Anti_Hauwa_Leeds:
Ni a Ingila na yi jarrabawar tuƙi bari in gaya muku yadda suke yi. Basu hana ka mota mai kyamara ko sensa ba, amma in kana ribas mai jarrabawa yana kallon kanka ne, in baka waiga ka duba ko'ina da idonka ba allo kawai ka kalla zai rage maka maki ko ya kayar da kai. Kuma in da otomatik ka ci to lasisinka na otomatik ne kaɗai, doka bata yarda ka ja manuwal ba sai ka sake jarrabawa. Tun Disambar 2017 ma sun saka bin na'urar nuna hanya a cikin jarrabawar, kusan minti 20 a lokacin, wato sun yarda abin ya zo ya zauna, gara a gwada ko ka iya amfani da shi ba tare da ka daina kallon titi ba. Wani abin kuma tunda an zo maganar hanya, direbobin baƙar tasi na Landan sai sun haddace tituna kusan 25,000 kafin a basu lasisi, shekara uku zuwa huɗu suna yi. A 2000 wata mai bincike Eleanor Maguire ta auna ƙwaƙwalwarsu ta ga sashen da ke riƙe taswirar wuri ya fi na sauran mutane girma ta baya. Abin da kake aiki da shi shi yake ginuwa.

Zee_Lugbe:
Anti wannan gaskiya ne, a Abuja yanzu ka hau tasin waya kace Wuse zaka je sai ya ce ki saka a map. In netwok ya ɗauke an tsaya kenan.

Matashin_Kawo:
Dan Allah iyayenmu ku yi mana adalci. Kullum yaran yanzu yaran yanzu. Da can mota da hannu ake tayar da ita, a zura ƙarfe ta gaba a juya inji, har Cadillac ta kawo sitata ta lantarki a 1912, yau waye yake kukan an manta juya inji da hannu? Baba_504 da kansa bai iya abin da direbobin 1930 suka iya ba kuma ba wanda yace shi ba direba bane. Ni otomatik na koya ban taɓa taka kuloci ba, shekara biyar ko madubi ban taɓa fasawa ba. Kuma ku duba masu tukin ganganci da gudun wuce sa'a a hanyar Kaduna zuwa Zariya, yawancinsu tsofaffin motocin haya ne da ba sensa ko ɗaya, direbobin sun iya ribas da ido rufe amma su suke obatekin a kan tudu. Iya sarrafa mota daban hankali daban.

Baba_504:
Yaro maganarka ta ƙarshe na karɓa, gwanin ruwa shi ruwa kan ci, na binne abokai gwanaye da yawa. Amma juya inji da kallon madubi ba ɗaya bane. Sitata in ta mutu mota tana tsaye ne, a tura ta ko a kira makanike. Ido in ya mutu mota tana tafiya ne da mutane a ciki. Kuloci na yafe maka, madubi da waiwaye ban yafe ba.

Admin_Zaure:
Jama'a muna ta faɗaɗa, mu dawo kan tambayar Abban_Ilham, kuma a ci gaba da mutunta juna kamar yadda ake yi. Akwai masu koyar da tuƙi a gidan nan bamu ji daga gare su ba.

Malam_Mai_Koyarwa:
Gani Admin, ina ta karantawa ne. Ni shekara 12 ina koyar da mota kuma ina ganin bambanci tsakanin mutum biyu. Wanda ya iya tun da sannan ya sayi mai kyamara, shi hannunsa yana ɗan yin sanyi ne kawai, in ka mayar da shi tsohuwar mota kwana biyu ya dawo daidai kamar mai keke. Amma wanda daga ranar farko allo ya buɗe ido da shi, shi ba mantawa ya yi ba, bai taɓa samu ba, babu abin da zai dawo masa. Ɗan Alhaji a nan yake. Abin da nake yi, sati biyun farko hankici nake rufe allon da shi, in koya maka saita madubi kafin ka tada mota, in sa ka waiga ta kafaɗa kafin ka canza hannu, in tsaya a bayan mota in ce ka matso har sai ka ga kamar saura taku ɗaya ka tsaya ka sauko ka gani da idonka nawa ya rage. Sau goma sau ashirin har kimar ta zauna. Bayan nan sai in cire hankicin in ce to ga ƙarin ido an baka, ka duba shi a ƙarshe bayan madubi ba a farko ba. Abin da ke bani wahala iyaye ne, sai a kawo yaro ace sati ɗaya ake so ya iya don motar ai otomatik ce mai komai da komai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ya saba da allo shekara biyu cire masa sai an sha fama.

Ummu_Sadiq:
Malam wannan tsarin ya yi min, madubi farko allo ƙarshe. Amma dan Allah kar wani ya karanta zancen nan ya je ya rufe kyamararsa a cikin unguwa inda yara ke wasa wai yana gwada ƙwarewa. A je fili a yi.

Injiniya_MK:
Na goyi bayan Hajiya. Kuma kar mu manta cibiyar IIHS ta masu inshora a Amurka ta gano birkin gaggawa mai taka kansa yana rage karon da ake yi wa mota ta baya da kusan rabi, wannan rayuka ne ba wasa ba. Tarayyar Turai kuma tun Yulin 2024 duk sabuwar mota sai da shi, da mai riƙe layi, da mai gargaɗin wuce ƙa'idar gudu. Motocin nan su ne Beljiyam ɗinmu na shekaru masu zuwa, ko muna so ko bama so zasu cika Kwatano su shigo. Lokacin ba za a samu mara na'urar ba ma balle ace a koya a cikinta.

Abu_Hanan:
To in haka ne Injiniya ai nan gaba ba wanda zai buƙaci abin da Baba yake faɗa.

Direban_DAF:
Zai buƙata ranar da laka ta rufe kyamara, ai da haka zancen ya fara.

Abban_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, ban zaci zancen zai kai haka ba. Yau da safe bayan ya sauke yara na ɗauke shi muka je filin ƙwallon bayan unguwa, na yi yadda Malam_Mai_Koyarwa ya ce, hankici a kan allo, na jera jarkoki huɗu. Abin da na gano ya fi na jiya tayar min da hankali, madubin dama ashe a karkace yake yana kallon ƙasa, ya ce tun wankin mota na satin da ya wuce yake haka bai lura ba. Sati guda yana yawo da yarana a gari ba madubin dama, fitilar gefen nan kawai yake jira ta kawo. Mun gyara, ya take jarka sau uku, a na shida ya shiga tsaf kuma shi da kansa ya ce gobe mu dawo. Kyamarar kam bazan cire ba saboda maganar Ummu_Sadiq ta shige ni. Malam Rewaya tawa ma an taɓa buga mata gaba kafin in saya, zan neme ka ta inbox.

Matashin_Kawo:
Alhaji a wane fili ne? In ba damuwa ni ma zan zo in gwada da jarkokin, ina so in ga ko abin da Baba yake faɗa ya shafe ni, don har yanzu ban gamsu cewa ya shafi kowa ba.

Dan_Maradi:
In kunka gama da jarka ku zo nan mu shiga yashi, akwai sauran karatu.

Rewaya_KofarRuwa:
Ba damuwa Alhaji, ka zo da safe kafin rana ta yi zafi, kuma kar a wanke injin kafin ka zo, ina so in ga wayoyin bayan bamba yadda mai bugun ya bar su.